Zangon Hunturu a Duwatsun Sikotlan

Jama'a, da a ce shekarun baya wani ya tare ni ya ce ban san sanyi ba, da mun kwana muna musu. Ni haifaffen Funtuwa ne, na kuwa sha jaura tun ina yaro, lokacin da mukan tafi makarantar allo da asuba, ƙafa duk faso, leɓe a tsage, muna rige-rigen zama kusa da wutar kara. Daga baya na yi hidimar ƙasa a Jos, inda ruwan randa kan gagari hannu da safe. Saboda haka, sa'ad da Allah Ya nufe ni da tafiya ƙaro ilmi a birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan cikin watan Satumba na 2018, na tafi ina ganin ni da sanyi mun daɗe da sanin juna. Abin da nake so in ba ku labari a wannan fili shi ne yadda kwana ɗaya tak cikin tanti ya raba ni da wannan alfahari, har ma ya kusa raba ni da raina.

A ajinmu akwai wani saurayi ɗan ƙasar, dogo, marar yawan magana, wanda tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa hawan duwatsu. Ni na laƙaba masa suna Madugu, na bayyana masa cewa a wurinmu shi ne shugaban ayarin fatake, ya kuwa ji daɗin sunan ya karɓa. Wata rana cikin watan Janairu na 2019 ya ji ina kurin cewa sanyin Edinbara bai dame ni ba, sai ya yi murmushi ya ce, "To, in haka ne, farkon watan gobe za ni duwatsun Cairngorm in kwana biyu cikin tanti. Kana zuwa?" Ban ko tsaya tunani ba na ce ina zuwa, har na ƙara da cewa ina da tantina.

Tantin nan nawa a shagon gwanjo na saye shi da araha, ina shirin yawon buɗe ido in an shiga lokacin ɗumi. Da na kafa shi a tsakar ɗaki don Madugu ya gani, sai ya kewaya shi sau ɗaya, ya sa yatsa ya danna ƙoƙuwarsa, tantin ya rusuna kamar mai gaida sarki. Ya ce, "Yatsa ɗaya ke nan. Ina ga an jibga masa ƙanƙara, iska kuma tana tura shi?" Daga nan ya ɗauko nasa ya kafa kusa da nawa, ya shiga nuna mini bambanci.

Ka san, mai karatu, a ƙasashen nan shekara kashi huɗu ce, saboda haka tantinsu ma iri biyu ne. Akwai na yanayi uku, irin nawa, wanda aka yi don ruwan sama da sauro da iska 'yar daidai. Sandunansa biyu ne, sun gitta juna wuri ɗaya a sama, rigarsa ta ciki yawancinta raga ce kamar gidan sauro, ta wajen kuma ba ta kai ƙasa ba, ta bar kamar taƙi ɗaya don iska ta riƙa wucewa. Sai kuma tantin yanayi huɗu, wanda a gaskiya tantin hunturu ne, don in ka kwana cikinsa lokacin zafi sai ka gudu. Na Madugu sandunansa huɗu ne, an lanƙwasa su sun gitta juna wurare da dama, ta yadda in nauyi ya danne ɗaya sauran su tallafe ta. Duk wanda ya taɓa ganin matan Fulani suna kafa bukka, suna lanƙwasa tsumagu suna ɗaure su wuri-wuri, ya riga ya san dabarar. Rigarsa ta ciki yadi ce sosai, ta wajen ta sauka har ƙasa, da wani leɓatu da ake jibga wa ƙanƙara don kada iska ta sami wurin shiga ta ƙarƙashi. Jikinsa a tsaye yake don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. Igiyoyin ɗauri sun kewaye shi, a bakinsa akwai ɗan zaure na ajiye kaya, can sama kuma akwai 'yan tagogi biyu na shan iska. Nawa bai kai kilo 2 ba, nasa ya doshi kilo 4. Na ce yau na yarda araha ba ta ado. Amma fa a zuciyata na fahimci abin a baibai. Na ɗauka tunda tantin hunturu ne, to ɗumi ne aikinsa, da ka shiga ka ja zif shi ke nan ka shiga ɗakin amarya.

Ranar tafiya muka hau jirgin ƙasa daga Edinbara zuwa wani ɗan gari mai suna Aviemore, tafiyar kimanin awa uku. A cikin jirgin ne Madugu ya gaya mini irin wurin da muka dosa. Duwatsun Cairngorm su ne tudu mafi faɗi da tsawo a Birtaniya duka. A cikinsu ne Ben Macdui yake, mai tsawon mita 1,309, wanda babu dutsen da ya fi shi a ƙasar sai Ben Nevis. A ƙwanƙolin Cairn Gorm, ran 20 ga Maris 1986, aka auna iska mai gudun mil 173 cikin awa, watau kusan kilomita 278. A garin Braemar kuwa, can ɗaya gefen duwatsun, sanyi ya taɓa sauka zuwa digiri 27.2 ƙasa da sifiri, a 1895, ya sake yin haka a 1982. Sa'an nan ya ba ni labarin abin da ya auku a watan Nuwamba na 1971, sa'ad da guguwar ƙanƙara ta rutsa da wasu 'yan makarantar sakandare daga Edinbara a kan tudun, suka kwana a fili, ɗalibai biyar da wata budurwa mai taimakon jagorarsu suka rasu. Ya ce, "Ba don in tsorata ka na faɗa ba. Don in na ce yi kaza, ka yi." Na ce ai matambayi ba ya ɓata, ni kuwa mai biyayya ne. Ashe alkawarin da ba zan cika ba na ɗauka.

Daga Aviemore muka goya jakunkuna muka kama hanya. Dokar Sikotlan ta 2003 ta ba kowa damar ratsa mafi yawan filayen ƙasar da kafa tanti a daji, muddin bai yi ɓarna ba, bai bar shara ba, saboda haka ba mu nemi iznin kowa ba. Muka bi ta cikin kurmin Rothiemurchus muka nufi Lairig Ghru, wani dogon kwazazzabo da ya ratsa duwatsun, wanda a zamanin da burtali ne da makiyaya ke bi su kai shanu kasuwannin kudu. Mun raba tantin, ni na ɗauki sanduna da turaku, shi ya ɗauki yadin. Ba mu yi rabin awa ba ya tsaya ya ce in tuɓe babbar rigata. Na ce, "Haba Madugu, cikin wannan ɗari?" Ya ce gumi shi ne abokin gaba na farko, domin in tufa ta jiƙe, da ka tsaya sai ta koma tana zuƙe ɗumin jikinka. Tun a gida ma ya hana ni ɗaukar ko singileti ɗaya na auduga, ya ce sai ulu, don auduga in ta jiƙe ba ta bushewa da wuri.

Wajen ƙarfe uku na yamma muka wuce inda itatuwa suka ƙare, ya ce nan ne zango. A wannan lokaci na shekara rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar, ba ta fitowa sai bayan takwas, watau dare ya kai awa 15. Ya zaɓi wuri nesa da gindin gangare, don gudun kada ƙanƙarar da ke sama ta zamo ta binne mu. Muka yi ta tattaka wurin da ƙafa kamar masu kwaɓa ƙasar gini, har ya daddale, muka bar shi ya yi tauri. Ya juya bayan tantin wajen da iska ke fitowa. Turaku kuwa ba a kafa su a tsaye kamar yadda muka saba, don dusar ƙanƙara ba ta riƙo. Sai a ɗaura igiya a tsakiyar turke, a haƙa rami a kwantar da shi a gicciye, a binne a tattake, in an jima ya daskare ko da ƙarfi ba ka cire shi. Muka jibga ƙanƙara a kan leɓatun, ya sa shebur ya haƙa rami a cikin ɗan zauren, yadda mutum zai zauna a bakin ƙofa ya zura ƙafa ya cire takalmi.

Ruwa duk ya daskare, sai mun narkar da ƙanƙara kafin mu sha ko in yi alwala. Nan na ga abin mamaki. Ka cika tukunya fal da dusar, in ta narke ruwan da ƙyar ya rufe gindinta. Sai kuma ka fara zuba ɗan ruwa tukuna, in ba haka ba tukunyar ta ƙone. Gwangwanin gas ɗin ma a cikin rigarsa ya ɓoye shi duk tsawon hanya, domin gas ɗin da ake kira butan ba ya tashi in sanyi ya kai sifiri, shi ya sa na hunturu ake gauraya shi da wani mai suna furofen. Rishon kuwa a bakin zaure ya ajiye shi, ƙofa a buɗe, iska tana kaɗa mu. Na ce me zai hana mu ja ƙofar mu ci moriyar ɗumin? Ya ce, "Wuta ba ta shiga tanti. Tagogin saman nan kuma kada a rufe su." Ya faɗa sau ɗaya, bai ƙara ba, ni kuma ban tambayi dalili ba.

Muka ci taliya, muka shimfiɗa 'yan katifu biyu-biyu, don a cewarsa sanyin da ke kayar da mutum ta ƙasa yake hawowa, muka shige jakunkunan barci tun wajen ƙarfe bakwai. Takalma muka sa cikin leda muka tura wajen ƙafafunmu don kada su daskare. Ma'aunin da ke rataye a jakarsa ya nuna digiri 9 ƙasa da sifiri. Kafin in gama juyi Madugu ya fara minshari.

Can wajen sha ɗaya iska ta taso. Za ka ji ta tun daga cikin kwazazzabo tana tafe tana ruri kamar jirgin ƙasa ya doso tasha, ta iso ta naushi tantin, sandunan su rusuna, sa'an nan su miƙe. Ta yi haka ba iyaka, tantin bai gusa ba. Na tuna da nawa na gwanjo, na gode wa Allah da ya zauna a gida. Amma ɗumin da nake tsammani shiru. Haƙorana suna ta kaɗawa, yatsun ƙafata kamar ba nawa ba, ga wata siririyar iska tana saukowa daga tagogin nan daidai fuskata. Na duba agogo, na lissafa saura awa takwas gari ya waye, sai hankalina ya tashi.

Nan fa na tuna da kakata, Allah Ya jiƙanta. In hunturu ya tsananta takan tara mu jikokinta a ɗakinta, ta cusa tsumma a taga, ta saki asabari, ta shigo da kasko cike da garwashi ta ajiye a tsakiya, mu yi barci cikin daɗi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na tashi a hankali na ja zif ɗin tagogin biyu na rufe. Na miƙa hannu zaure na jawo rishon, na rufe ƙofar ciki, na ajiye shi tsakanin gwiwoyina, na kunna, na ɗora tukunya da ƙanƙara don in sami ruwan shayi. Na ce minti biyar kawai. Kai, ɗumin nan ya yi daɗi! Minti biyar suka wuce ban kashe ba. Sannu a hankali na ji kaina yana sara, jikina ya mutu, wani barci mai nauyi yana fizgata. Na ga harshen wutar ya bar shuɗi ya koma rawaya-rawaya, amma ban kawo kome a raina ba.

Ban san abin da ya farkar da Madugu ba, ko hucin rishon ne, ko hasken. Na dai ga hannu ya miƙo ya murɗe wutar, ya zuge ƙofar ciki da ta waje gaba ɗaya, ya kama wuyan rigata ya turo kaina waje cikin iskar da nake gudu. Ya buɗe tagogin, ya haska mini tocila a ido, ya tambaye ni sunana da ranar da muke ciki. Na ba shi amsa. Ya ce in na yi amai, ko ciwon kan bai lafa ba, zai buga 999 a turo 'yan agajin duwatsu, mutanen da aikin sa-kai suke yi, su bar gadajensu su fito cikin wannan dare saboda ni. Wannan magana ta fi zagi yi mini ciwo.

Sai da kaina ya lafa sa'an nan ya yi mini bayani, muryarsa tana rawa. Duk wutar da ke ci a inda iska ba ta wadata ba tana fitar da wata iska mai guba, wadda masana kimiyya ke kira kabon monokzayid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tukunya mai sanyi a kan wuta kuma ƙara yawanta take yi. In ta shiga huhu, sinadarin jini da ke ɗaukar oksijin ya fi kama ta fiye da yadda yake kama oksijin ɗin sau 200 da wani abu, sai jiki ya shaƙe alhali mutum yana numfashi. Alamarta ciwon kai ne da kasala da barci, wanda ya yi barcin kuwa sau da yawa ba ya tashi. Ya ce, "Tantinka na gwanjo ko'ina ƙofa ne. Wannan an yi shi ne don kada iska ta shiga, ga ƙanƙara ta liƙe gindinsa. Tagogin nan biyu su ne hancinsa, ka kuwa toshe su. Abin da ya sa ya fi naka ƙarfi, shi ne ya sa ya fi naka haɗari in an kunna wuta a ciki. Ban da haka, yadin nan in ya kama, kafin ka lalubo zif ya narke a jikinka. Kuma ba kai kaɗai ne a ciki ba."

Na rasa bakin magana. Da ƙyar na ce, "Sanyi nake ji, Madugu." Ya ce, "To, da ka tashe ni." Ya fita zaure ya kunna rishon, ƙofa a buɗe, ya tafasa ruwa ya ɗura a gora, ya sa ta cikin safa ya ce in rungume. Ya sa na sake busasshiyar safa, na ja hula har gira, na ci dabino da gyaɗar da na zo da su, na yi ta motsa jiki cikin jakar har jinina ya tashi. Ya ce, "Aikin tanti ya tare maka iska, ya ɗauke maka nauyin ƙanƙara. Ɗumi kuwa daga jikinka yake fitowa, abinci ne itacensa, jakar barci da katifa su ke tsare shi." A raina na ce ashe kaskon da nake nema ni ne da kaina. Sau biyu kafin asuba muka bubbuga jikin tantin daga ciki don ƙanƙarar da ta taru ta zube, sau ɗaya kuma ya fita da shebur ya share bakin zaure da tagogin.

Da gari ya waye iska ta kwanta. Na leƙa waje na ga duniya fari fat, tantinmu ya nutse kusan rabi, amma ko igiya ɗaya ba ta saki ba. Can kan gangare na hangi wani zomo wanda gashinsa ya koma fari saboda hunturu, sai da ya motsa na gane ba dutse ba ne. A cikin tantin kuwa na ga sauran aikina. Tururin tukunya da numfashinmu, da suka rasa hanyar fita lokacin da na toshe tagogi, sun daskare a jikin yadin, iska ta kakkaɓo su a kanmu, jakar barcina ta yi laima. Madugu ya taɓa ta ya ce jakar gashin tsuntsu in ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, saboda haka babu kwana na biyu. Ya shekara yana jiran wannan hutu, ni na lalata masa shi, amma bai sake ta da maganar ba. Muka tone turaku, muka kwashe shararmu, muka gangaro.

Bayan 'yan kwanaki na buga waya gida na ba Inna labari, na ce dabarar Iya na gwada ta kusa halaka ni. Inna ta yi salati, sa'an nan ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya gaya maka Iya tana kwana da wuta a ɗaki? Ai da kun yi barci take ɗauke kaskon ta fitar tsakar gida. Kuma ka manta ɗakin jinka ne, ƙofarsa asabari? Ko'ina iska shiga take." Ashe rabin hikimar tsohuwar na gani, sauran rabin ina barci take yin sa. Wannan rabin da na gani shi na ɗauka na ƙetare teku da shi, na kai shi inda ba wurinsa ba.

Ba na jin da yawa daga cikinmu za su kwana a bakin Lairig Ghru, ko da yake wanda karatu ya kai shi ƙasashen sanyi, in ya sami abokin tafiya da ya san hanya, ina ba shi shawara ya gwada, don akwai kyan gani da shirun da ban taɓa samun irinsa ba. Ya nemi tantin da aka yi don hunturu, ya bar tagoginsa a buɗe, ya yi girki a bakin ƙofa, in an hana shi abu ya tambayi dalili tun da rana. Amma ko a nan gida maganar ta shafe mu. Ɗakunanmu na yanzu na siminti ne da silin da tagar gilashi, sun fi kama da tantin Madugu fiye da ɗakin Iya, ga shi kuwa ba mu daina shigar da garwashi ɗaki cikin hunturu ba, wasu har janareta suke tayarwa a cikin gida su rufe ƙofa. 'Yan'uwana ɗalibai, in jaura ta kaɗa bana, wani a ɗakinku ya jawo risho ko kasko ya ce a rufe taga minti biyar kawai, ku tuna da ni ku hana shi. Ni na sami mai farkawa ya murɗe wutar. Allah Ya kiyashe mu, amin.